Takalman Malam Bitrus

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Asabar, ya kai ka inda za ka ba tare da ko tuntuɓe ba. Gida ɗaya muke kwana ni da kai, amma ga ni ina rubuta maka wasiƙa kamar kana wata ƙasa, saboda idan na buɗe baki a gabanka faɗa zan yi, kai kuma ka iya sunkuyar da kai har faɗan ya wuce ta samanka. Takarda ba za ka sunkuyar mata da kai ba. Ka karanta ta har ƙarshe.

Raina a ɓace yake, kuma ka san dalili. Shekaranjiya mahaifiyarka ta zaunar da kai ta fara gaya maka gaskiyar abin da ya faru da iyalin Malam Bitrus, ba ka bari ta kai ƙarshe ba ka ce mata, "Inna, abin da ya wuce ya wuce, kada a ɓata mini tafiya." Ina bayan labule ina alwala, na ji ka da kunnena. Wallahi butar da ke hannuna na so in jefe ka da ita. To tun da ba ka bar ta ta ƙarasa ba, ni zan ƙarasa.

Kai ka rubuta wa mutanen da suka ba ka tallafin karatu cewa mahaifinka, baduku talaka a Maiduguri, ya ɓoye maƙwabtansa Kiristoci lokacin da yaran nan masu bindiga ke bin gida-gida a Ajilari, har suka tsira. Ka rubuta ba ka tambaye ni ba. Tsohuwar Bayahudiyar da iyalinta ke biyan kuɗin karatun ta karanta, ta ce sai ta ga fuskata. Ka zo da waya shagona a Hausari, ka ɗora a kan bencin aiki tsakanin basilla da gwangwanin gam, ga ta nan a ciki, farin gashi, tana magana kana fassara mini.

Ban manta ko kalma ɗaya ba. Ta ce tana 'yar shekara biyar aka fara kama mutanensu a lokacin babban yaƙin Turawa, ba don sun yi wa kowa komai ba, sai don sunan da aka haife su da shi. Aka tafi da mahaifinta da safe, bai dawo ba. Ita da mahaifiyarta da yayanta wata manomiya ta sa su a wani rami ƙarƙashin ɗakin ajiyarta, suka yi kusan shekara biyu ba su miƙe tsaye sosai ba. Ta ce da ta fito sai da ta sake koyon tafiya. Ta ce matar nan tana da 'ya'ya huɗu, kuma ta san idan aka gano, da ita da su duk za a kashe. Sannan ta dube ni ta ce, "Ban samu na gode mata da bakin manya ba, ta rasu ina ƙarama. Bari in gode maka a madadinta." Ta yi kuka. Ni kuma na zauna kamar dutse na ce "ba komai". Kai ma ka fassara mata "ba komai" kana murmushi.

Yanzu na ji tana so ka tsaya gaban 'ya'yanta da jikokinta a taron da suke yi duk shekara na tunawa da matar, ka ba da labarina, a rubuta sunana kusa da nata. Ban yarda ba. Ga abin da ya faru.

Kana ɗan shekara bakwai lokacin, shi ya sa abin da ka riƙe shi ne wasu baƙi sun zauna a ɗakin mahaifiyarka sannan suka tafi. Malam Bitrus malamin firamare ne, mutumin kudancin Barno, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha biyu. Ranar da aka ƙone gidaje biyu a bayan layinmu, shi da matarsa Rifkatu da 'yarsu Hannatu suka hauro katangar da rana tsaka. Ba ni na kira su ba, ka rubuta wannan a ranka. Ina dawowa na tarar mahaifiyarka ta riga ta naɗa wa matan lafaya, tana koya musu yadda za su amsa gaisuwa da Barbarci idan wata ta leƙo. Shi kuma ta sa shi a ɗakin da nake ajiye fatu. Na ce mata, "Falmata, kin san abin da kika ɗauko?" Ta ce, "Na sani. Wanke hannunka ka ci abinci."

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Ita ke dafawa, ita ke fitar da ruwan wankansu kaɗan-kaɗan don kada kwata ta nuna yawanmu, ita ke shanya kayansu a cikin ɗaki. Ni aikina kawai in fita da safe in yi fuskar da ba ta san komai ba. Don haka idan ka je inda za ka, ka riƙa duba wanda ya yi aikin kafin ka yaba wa mai gida. Sau da yawa mai gidan yana zaure yana rawar jiki.

Yanzu maganar takalmi. Shekarata arba'in ina dukanci, na fi sanin mutum ta takalminsa fiye da fuskarsa. Malam Bitrus ba ya sa silifa irin tamu ta masu alwala. Baƙin sau-ciki mai igiya yake sawa, da safa, rani da damina, duk layin an san shi da shi. Ni nake gyara masa. Yana taka gefen ƙafar hagu, saboda haka dunduniyar hagu ke fara cinyewa, sau uku na canja masa ita. A rana ta goma sha biyu zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarka. Shi mutum ne mai ladabi har ya yi yawa, ya fito daga ɗakin fatu don ya gaishe ta, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofarta kamar yadda kowa ke yi, ya jera su, ya cusa safa a ciki. Ina tsakar gidan, na gan su, ban ga komai ba. Ni baduku.

Sai ga sallamar Ya Kaltum ta ƙarshen layi, ta zo duba mara lafiya. Ka san ta, amma ba ka san ɗanta na biyu yana cikin yaran nan a lokacin ba. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Kafin ta shigo Malam Bitrus ya shige bayan ƙofa, takalma kuwa suna nan. Ta tsaya ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Malam Garba, ashe Malam Bitrus ya bar maka takalmansa." Na ce gyara ya kawo tun kafin su tafi. Ta ce, "To, a bakin ƙofar mace ake ajiye na gyara, da safa a ciki? Ka ɗauke su daga nan." Ta shiga ta yi sannu, ta fito ta tafi.

Na ce shi ke nan, kafin magariba ɗanta ya ji. Ban tambaye ta me take nufi ba, ban jira mahaifiyarka ta farka ba, ban yi shawara da kowa ba sai tsorona. Wannan shi ne kuskuren da duk sauran suka fito daga cikinsa. Idan tsoro ya kama ka, Habibu, kada ka yanke komai a wannan sa'ar. Tashi ka sha ruwa, ka nemi wanda ya faɗi maganar ka ce ya maimaita. Tsoro yana fassara magana fiye da yadda kake fassara Turanci, kuma ƙarya yake fassarawa.

Bayan la'asar na shiga ɗakin fatu na ce masa, "Malam, ina da 'ya'ya." Abin da na iya faɗa ke nan. Bai roƙe ni ba. Da ya roƙe ni, da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Na gane, Malam Garba. Kun yi ƙoƙari." Ka tuna tsohuwar nan ta ce manomiyar tana da 'ya'ya huɗu? Lokacin da ka fassara mini wannan, ji na yi kamar an soka mini basilla a ƙirji. Ni uku gare ni.

Sai na yi dabara, ni mai wayo. Na ba shi jallabiyata da hula, na ce ya bar takalman don su ne za su tona shi, na ba shi silifa. Matan suka fita gaba cikin lafaya, shi yana biye da su nesa kaɗan, za su nemi mota a tasha kafin a hana fita. Abin da ban tuna ba, mutumin da ya yi shekara talatin cikin safa ƙafarsa ba irin tamu ba ce. Ba kaushi, ba faso, rana ba ta taɓa ganinta ba, kuma bai iya riƙe silifa da yatsa ba, ja yake yi. A kwanar da ke gaban masu gawayi yaran nan suka tare shi. Hannatu ta waiwaya, ta ga suna kallon ƙafarsa kafin su kalli fuskarsa. Suka ce ya karanta Fatiha. Ba zan rubuta sauran ba. Wani mai keke mai ƙafa uku da har yau ba mu san sunansa ba ya ja matan ciki, da aka tare shi gaba ya ce matarsa ce da ƙanwarsa, ya kai su tasha bai karɓi ko sisi ba.

Sana'ata ce ya kamata ta gaya mini wannan, ita na yi amfani da ita na tura shi. Kada ka yarda da wayonka a kan ran wani. Duk dabarar da idan ta ƙi, wani ne zai biya ba kai ba, ka yi ta juya ta har ka gaji.

Washegari da hantsi Ya Kaltum ta sake yin sallama, da tukunyar kunun gyaɗa wadda ta fi ƙarfin gidanmu. Ta ajiye ta ce wa mahaifiyarka a hankali, "Har da na baƙinki." Mahaifiyarka ta ce sun tafi. Matar nan ta zauna a ƙasa daɓas, ta dube ni ta ce, "Ni cewa na yi ka ɗauke takalma." Ba ta gaya wa ɗanta ba, ba ta taɓa niyyar gaya masa ba. Tun kwana na uku ta sani, ta hayaƙin girkinmu. Na auna ta da ɗanta, na yanke mata hukunci, ita kuwa ta fi ni sau dubu. Ta rasu ba ta ƙara kallon idona ba, kuma tana da gaskiya.

Wannan ya kawo ni kan wata magana da nake so ka ji kafin ka shiga gidan mutanen can. Na tashi a Kano ina jin ana ce wa marowaci ko mai mugun wayo "Bayahude", ni ma na faɗa ba adadi, har kai na taɓa ce maka haka a kan ƙin raba ƙosai da ƙanwarka, kowa ya yi dariya. Ban taɓa ganin Bayahude ba sai ranar da ka ɗora wayar nan a bencina, sai ga tsohuwa da ta yi kama da gwaggona tana kuka a kan mahaifinta. Ka cire kalmar nan daga bakinka a matsayin zagi. Na ji abokanka a ƙofar gida suna maka ba'a a kan wanda ke biya maka karatu. Ni ma ina jin rediyo, ina jin abin da ake yi wa mutane a wasu ƙasashe, raina na ƙuna, kuma ban ce ka rufe bakinka a kan zalunci ba ko wane ne ya yi shi. Amma yarinya 'yar shekara biyar da ke cikin rami ba ta zalunci kowa ba. Haka aka yi wa Malam Bitrus, aka ɗauki suna ɗaya aka rufa a kan dubban mutane, sannan aka daina ganin mutum. Haka ni ma na yi wa Ya Kaltum. Daga bakin mutane irina abin ke farawa, ana dariya.

Ka nuna mini wani hoto a wayarka ranar da muka yi magana da tsohuwar, ka ce a can ƙasashen an tara takalman waɗanda aka kashe, tuli guda har kusan rufi, ana zuwa kallo. Kai yawan ka gani. Na karɓi wayar na matso da hoton, na ga wani an yi masa faci a gefe, ɗinki mai kyau, na hannu. Wani an ƙara masa dunduniya. Wato akwai baduku irina da ya zauna ya gyara wa maƙwabcinsa takalmi, ya ce masa gobe ka zo ka karɓa, kuma ranar da aka zo tafiya da mutumin ban san inda badukun yake ba. Ina jin na sani. Na miƙa maka wayar na ce idona ke ciwo.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shiru, kuma shi ne ya fi daɗewa. Da kuka tambaya kuna yara, na ce baƙi sun tafi garinsu lafiya. Na hana mahaifiyarka ta faɗa, ta yi wata biyu ba ta yi mini magana ba sai ta bakinku. Da unguwa ta lafa mutane suka fara cewa Garba Baduku namiji ne, ya ɓoye Kiristoci, ban ce a'a ba. Daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Ƙaryar da ka rubuta ni na shuka ta, wannan na yarda. Amma kai yanzu ka ji gaskiya, ko rabinta, ka ce kada a ɓata maka tafiya. Daga shekaranjiya ƙaryar ta zama taka. Shekarata nawa ina ɗauke da ita, yanzu ka zo za ka sa ta a akwati ka hau jirgi da ita, ka kai wa matar da ta san ramin nan da jikinta?

Kuma Hannatu tana nan. Rifkatu ta rasu a ƙauyensu bayan 'yan shekaru, ita ta dawo, tana sayar da zare da maɓallai a Kasuwar Litinin, layin masu yadi. A wurinta nake sayen zare, da gangan. Duk zuwana sai ta tashi ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," ta ba ni kujerarta. Ta san komai, tana tsaye a bakin ƙofa lokacin da na ce ina da 'ya'ya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Kai ka rubuta labarin mahaifinta ka samu karatu da shi, ko sau ɗaya ba ka taka ka je ka gaishe ta ba. A takardarka ma ba ka sa sunansu ba, "maƙwabta" ka ce. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na san abin da kake tsoro. Idan ka faɗi gaskiya wataƙila su janye tallafin, ka dawo Ajilari ka zauna a bencina. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba zai faru ba, ban san zuciyarsu ba. Na san wahalar da ka sha, na ga yadda kake karatu a shago kana riƙe mini fata da hannu ɗaya, kuma babu wanda ya fi ni son ka wuce wannan bencin. Amma ni na taɓa zaɓar lafiyar gidana a kan gaskiya, na samu abin da na zaɓa, ga ku nan duka kun girma, kuma ban ƙara cin abinci ya yi mini daɗi yadda yake yi da ba. Ba na so ka gaji wannan.

Ga abin da za a yi. Takalman suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin bencina, wanda na hana ku taɓawa. Duk Juma'a ina goge su, safar ma tana ciki yadda ya cusa ta. Gobe da ƙarfe goma zan ɗauke su in hau keke zuwa Kasuwar Litinin in mayar wa Hannatu, in faɗa mata da bakina abin da ya kamata in faɗa tuntuni. Ko ta karɓa, ko ta jefe ni da su, haƙƙinta ne. Zan tsaya a bakin titi minti biyar. Idan ka fito, mu tafi tare, ka tambaye ta ko ta yarda a ba da labarin mahaifinta a wata ƙasa. Idan ta ce a'a, ka yi shiru da bakinka, ka gaya wa tsohuwar iya abin da ya shafe ni, cewa na kore su. Idan ba ka fito ba, zan tafi ni kaɗai, kuma zan nemi wanda ya iya Turanci ya rubuta mata da sunana.

Idan Hannatu ta yarda, kuma tsohuwar ta ce har yanzu tana son sunan da za ta rubuta kusa da na manomiyar, ka ba ta Falmata, ka ba ta Kaltum, ka ce akwai wani mai keke. Idan ta tambayi nawa, ka ce mata mahaifinka ya riƙe kwana goma sha ɗaya, a na sha biyun bai iya ba. Kada ka yi mini kwalliya, kada kuma ka fassara shi da laushi.

Na ɗinka maka takalmi na tafiya, yana wurin mahaifiyarka. Sau-ciki ne mai igiya, don an ce can akwai sanyi. Na ƙara kauri a dunduniyar dama saboda kai dama kake takawa. Ka sa shi ranar da za ka tsaya a gabansu.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen da za su buɗe maka ƙofa. Idan wata rana kai ne a bayan ƙofar, Allah ya ba ka zuciyar mahaifiyarka, kada ya ba ka tawa.

Ƙarfe goma, a bakin titi.

Mahaifinka,
Garba Baduku
Ajilari, Maiduguri